Jan Jirgin Ruwa da A-Kori-Kura: Me Ya Sa Ƙaton Inji Ke Kasa Hawa Ɗan Gangare?

Me ya sa motar da kamfani ya ce za ta ja tan uku da rabi a kan titi take kasa fito da jirgin da bai kai wannan nauyi ba daga bakin ruwa, a tazarar da ba ta wuce taku talatin ba? Tambayar kan taso duk lokacin da irin bidiyon nan ya zagayo a Facebook ko TikTok. Za ka ga ƙatuwar a-kori-kura sabuwa fil, jirgi ɗaure a bayanta, direba ya taka totur, tayoyin baya suna ta juyawa suna watsa ruwa, mota ko gezau. Can sai ta fara sulalewa da baya sannu a hankali, ruwa ya ci bodi, ya ci ƙofa, daga ƙarshe rufin kawai ake hange, jirgin kuwa yana sama abinsa yana lilo.

A ƙarƙashin bidiyon kowa da fassararsa. Wani ya ce injin ne ba shi da ƙarfi, wani ya ce direban ɗan koyo ne, ba a rasa mai cewa mutanen ruwa ne suka karɓi rabonsu. Na biyun yakan yi gaskiya wani lokaci. Na farkon kuwa kusan kullum kuskure ne, kuma shi ne kuskuren da ke sa mutum ya ƙara taka totur a daidai lokacin da ya kamata ya sassauta.

Wurin da abin ke faruwa

Yawancin waɗannan bidiyoyi daga Amurka suke, kuma da dalili. Ƙasar na da jiragen shaƙatawa masu rajista fiye da miliyan 11, mafi yawansu ƙanana ne da ba su kai mita takwas ba. Masu su ba sa barin su a ruwa. A gida suke ajiye su a kan wata 'yar tirela ta ƙarfe mai taya biyu ko huɗu, ranar hutu su ɗaura ta a bayan mota su nufi tafki ko bakin teku. A can akwai gangaren siminti da aka gina tun daga tudu har ya nutse cikin ruwa. Mutum zai yi ribas da tirelar har jirgin ya taso, ya kwance shi. Da yamma ya sake shigar da tirelar, ya ɗora jirgin, ya ja ya fito. A wurare irin su Black Point Marina da ke Miyami a jihar Fulorida, har akwai masu kafa kyamara su wuni suna jiran wanda tsautsayi zai rutsa da shi.

Ba a gina gangaren da ka. Ƙa'idar da aka fi bi a can ita ce tsininsa ya kasance tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, wato a duk mita ɗari da ka yi gaba ka hau sama mita 12 zuwa 15. Idan ya kwanta fiye da haka, sai motar kanta ta shiga ruwa kafin jirgin ya taso daga tirela. Idan ya miƙe fiye da haka, hawan ya gagara. Ana kuma tsattsaga fuskar simintin da layuka don taya ta samu abin kamawa. Duk da haka, ɓangaren da ruwa ke rufewa ya buɗe yana tara gansakuka da laka mai yauƙi, kuma a daidai nan tayoyin bayan mota suke tsayawa.

Nauyin takarda da nauyin gaske

Lambar da kamfani ke rubutawa ba ƙarya ba ce. A Amurka akwai ma'aunin da ake kira J2807 na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, wanda manyan kamfanoni ke bi kafin su ce motarsu na jan kaza. Cikin gwajin, motar za ta hau doguwar hanyar Davis Dam a jihar Arizona, kimanin kilomita 18, ɗauke da lodi, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a kunne. Za ta kuma tashi daga tsaye a kan tudu mai kashi 12 cikin ɗari sau biyar cikin minti biyar, gaba da baya. Gwaji ne mai kyau, amma yana auna inji da giya da birki da zafin mota. Bai ce komai ba a kan simintin da gansakuka ta lulluɓe.

Sannan akwai sharaɗin da mutane ba sa karantawa. Hilux mai dizal da aka ce tana jan kilo 3,500, wannan idan tirelar na da birkin kanta ne. Tirela marar birki kilo 750 kacal aka yarda mata.

Ta ɓangaren jirgin ma haka. Nauyin da ke cikin takardar saye na jirgin ne tsurarsa, wani lokaci ko inji ba a lissafa ba. Ɗora masa inji, batura, anga da sarƙarta, kayan kamun kifi, akwatunan ƙanƙara. Lita 300 ta fetur kaɗai ta haura kilo 200. Tirelar kanta ɗaruruwan kilo ce. Sai ruwan da ya taru a ƙasan jirgin bayan wuni guda ana yawo, wanda kowace lita kilo guda ce cif. Jirgin da mai shi ke kira tan biyu, ba wuya ya zama tan uku a kan sikeli.

Wani abu kuma da ke ruɗin direba shi ne, nauyin ba ya zuwa gaba ɗaya. Lokacin da jirgin ke cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da yawancinsa, don haka taku biyu na farko mota kan tashi salin-alin. Yayin da tirela ke fitowa, ruwa na sakin jirgin, nauyin na sauka a kan tayoyi. Daidai lokacin da direba ya fara cewa an gama, lokacin ne lodin ya cika.

Lissafin hawan

Mu ɗauki misali mai sauƙi. Mota mai kilo 2,200, jirgi da tirela kilo 3,000, jimla 5,200. A gangare mai kashi 15 cikin ɗari, abin da ke jan su baya kusan kashi 15 ne na wannan nauyi, wato kimanin kilo 770. Ƙara da tirjiyar tayoyi da ta ruwa, a ce kilo 870. Wannan shi ne abin da motar za ta rinjaya, ba tan biyar ba.

Ƙarfin inji nawa ake buƙata a ja kilo 870 da saurin tafiyar ƙafa, kilomita biyar a awa? Bai fi ƙarfin doki 16 ba. Injin Hilux, ko na fetur ko na dizal na zamani, yana da ninkin wannan kusan sau goma ko fiye. Manyan a-kori-kurar Amurka irin su Ford F-150 ba a ma maganarsu. Ke nan inji ba shi ne matsalar ba, sai dai idan wani abu ya lalace a cikinsa.

Matsalar tana inda roba ta taɓa siminti. Taya ba za ta iya tura mota da ƙarfin da ya wuce wani kaso na nauyin da ke danne ta ba. A busasshen siminti kason kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Idan ya jiƙe ya ragu. Idan gansakuka ta hau, ya faɗi warwas. To a-kori-kura kuwa ginin ta daban ne: inji da direba suna gaba, bodin baya fanko, don an yi shi ne a zuba masa kaya. A misalinmu, tayoyin baya ba za su ɗauki fiye da kimanin kilo 1,300 ba, har da ɗan nauyin da hancin tirela ke dannawa a kan ƙugiya. Idan su kaɗai ke ja, dole su ba da kilo 870 daga cikin 1,300, wato kashi biyu cikin uku. A busasshen wuri da ƙyar za su iya. A jiƙaƙƙe mai santsi ba za su iya ba ko da injin jirgin sama aka sa wa motar.

Yanzu a sa tayoyi huɗu su ja. Nauyin da ke danne su ya zama na motar gaba ɗaya, sama da kilo 2,400. Kilo 870 daga ciki ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku ne. Ƙari a kan haka, tayoyin gaba suna tsaye mita uku gaba da na baya, ta wajen tudu, galibi a inda simintin ya fi tsabta. Inji ɗaya, lodi ɗaya, gangare ɗaya, amma aikin ya ragu da kusan rabi.

Akwai kuma halin aksul ɗin baya da ya kamata a sani. A yawancin motoci, an ƙera shi ne yadda taya ɗaya za ta iya fin ɗaya gudu a kwana. Illar wannan ita ce, idan ɗaya ta hau santsi, ita za ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan wuri mai kyau ta tsaya cak. Duk wanda ya taɓa kafewa a laka da damina ya ga wannan da idonsa. Shi ya sa wasu motocin ke da maɓallin kulle aksul, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu su juya tare.

Tayar da ta fara zamewa kuwa riƙonta ya fi na wadda ke birgima rauni. Ƙara wuta a wannan hali goge simintin kawai yake yi, ya mayar da gansakukar man shafawa. Abin yi shi ne a ɗaga ƙafa, a taka birki, a sake tashi a hankali.

Gardamar masu jirage

Tsakanin masu jirage a Amurka, gardamar mota mai jan taya biyu da mai jan huɗu ba ta ƙarewa. Masu taya biyu na cewa sun shekara da shekaru suna fito da jirgi ba su taɓa kafewa ba, motarsu ta fi arha, ta fi shan mai kaɗan, a takarda ma wani lokaci ta fi jan lodi don ba ta da nauyi. Suna da dabaru masu aiki: a sa buhunan yashi ko a zaunar da mutum biyu a bodi daidai kan tayoyi, a rage wa tayoyin baya iska kaɗan, a ja hambirki rabi-rabi don tayar da ke zamewa ta daina cinye ƙarfin. Ba su yi ƙarya ba. Da ƙaramin jirgi, a gangaren tafki da hukuma ke wankewa, taya biyu ta wadatar.

Amma hujjarsu ta ranar sa'a ce. A bakin teku, inda ruwa ke ja da baya sau biyu a rana ya bar koren siminti a fili, ko a tafkin da ya janye da rani, mutum ba ya zaɓen yanayin da zai tarar da yamma. Jirgi ya kai tan biyu da rabi zuwa uku, ni dai ban ga dalilin caca ba.

Sai batun ƙaramar giya, wadda direbobinmu ke kira ogzilari. A Hilux tana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu da rabi, ta rage gudu daidai haka. Wasu na ganin ba a buƙatarta tunda ƙarfi ya isa. Amfaninta a nan ba ƙarfi ba ne, natsuwa ce. Motar na tafiya kamar rarrafe ba tare da an danna totur ba, tayoyi ba sa fizga. Ga mai motar kuloci wannan babbar rahama ce, domin tashi a tudu da tan biyar a giya ta ɗaya yana nufin riƙe kuloci rabi-rabi har ya fara wari. Da yawa sun ƙone kuloci a wannan 'yar tazara. Mota mai giyar atomatik ta fi sauƙi a nan, don ƙafa ɗaya na kan birki ɗaya na kan totur, babu lokacin da motar ke sake. Sharaɗi ɗaya ne: da an hau tudu a cire ogzilarin, a mayar da motar taya biyu, kafin a yi kwana a busasshiyar kwalta, in ba haka ba kayan ƙasan mota su ɗaure su ci juna.

Motar da ta tafi ba direba

Da yawa daga cikin motocin da ke nutsewa ba a lokacin hawa suke nutsewa ba. A lokacin da direba ya fita ya koma baya yana murɗa winci ne, wato na'urar naɗe igiya da ke jawo jirgi kan tirela. Nan ma akwai bayani.

Hambirki tayoyin baya kawai yake riƙewa, waɗanda su ne ke kan santsi, wani lokaci ma rabinsu na cikin ruwa, birkinsu ya jiƙe. Sa giya a P a motar atomatik ba birki ba ne. Wani ɗan haƙorin ƙarfe ne ke faɗawa cikin giyabos ya hana sandar da ke tafiya baya juyawa. A mota mai jan baya, wannan ma tayoyin baya kaɗai ya shafa, kuma saboda halin aksul ɗin nan, taya ɗaya na iya juyawa gaba ɗaya baya, mota ta gangara alhali tana P. Tayoyin gaba, da suke kan wuri mai kyau, babu abin da ke riƙe da su da zarar direba ya ɗauke ƙafa daga birki. Idan mota na cikin taya huɗu, riƙon kan isa har gaba. Idan kuma hannu ya kuskure sandar ogzilari ta tsaya a firi, to giyabos ya rabu da tayoyi baki ɗaya, P ɗin ba ta riƙe komai.

Birkin tirelar fa? Yawancin tirelolin jirgi suna da irin birkin da ke kamawa idan tirela ta turo motar daga baya, kamar lokacin da aka rage gudu a hanya. A kan gangare tirelar ja take yi ba turi ba, saboda haka birkin nan yana barci. Mota da tirela da jirgi duk sun rataya ne a kan faci biyu na roba da kowanne bai fi tafin hannu ba.

Maganin bai kai kuɗin lita goma ta mai ba: waigi a bayan tayar gaba, ko mutum ya zauna a kujerar direba ƙafarsa a kan birki. Yaran manyan motoci a Kwanar Dangora ko Tafa ba sa buƙatar a koya musu wannan.

Tsofaffin hannu kan sauke gilashi su kwance bel kafin su yi ribas zuwa ruwa, su kuma sauke yara da duk wanda ba shi da aiki a motar. Binciken Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya nuna cewa motar da ta faɗa ruwa kan ba mutum kusan minti ɗaya ne kafin ruwa ya danne gilashi, kuma ta taga ake fita, ba ta ƙofa ba, yara a gaba. Ƙofa ba ta buɗuwa idan ruwa ya tokare ta, wanda ya tsaya neman waya kuwa ya cinye mintinsa.

Jirgin da kansa ma yakan gudu. Idan igiyar winci ce kaɗai ke riƙe da hancinsa, aka fizgi mota, igiyar na iya tsinkewa ko haƙorin wincin ya suɓuce, jirgi ya zame ya faɗi a kan siminti. Saboda haka ake ƙara masa sarƙa a hanci kafin a motsa, a kuma ɗaga injinsa sama kada farfela ta karci ƙasa.

Inda simintin ya ƙare

Gangare ba ya tafiya har abada a ƙarƙashin ruwa. Yana da ƙarshe, kuma bayan ƙarshen sau da yawa rami ne. Masu jirage ne ke haƙa shi da kansu. Maimakon su ja jirgi da winci, sai su ba injinsa wuta ya tura kansa kan tirela, farfela ta yi ta kwashe yashin da ke bakin simintin. Masu yin haka na cewa ya fi sauri, layi na jira. Masu kula da wuraren na cewa ana rushe musu gini, har wasu wurare sun hana. Idan tayoyin tirela suka faɗa wannan rami, ƙarfenta ya zauna a kan leɓen siminti, to ko taya huɗu ba za ta fito da ita da ƙarfi ba. Fizga sai dai ta tsinke aksul ɗin tirelar. Sai an sauke jirgin, an ɗaga bayan tirelar, sannan a ja.

Janyewar ruwa na ƙara kusanto da wannan haɗari. A 2022, da fari ya janye Tafkin Mead da ke tsakanin Nebada da Arizona, hukumar wurin ta rufe kusan duk gangarorinta don ruwa ya bar su a tudu.

Akwai kuma asarar da ba a gani a bidiyo. Boris ɗin tirela da ya yi zafi a doguwar tafiya, aka tsoma shi a ruwan sanyi nan take, yakan zuƙi ruwa ya gauraye da giris. Aksul ɗin mota na da 'yar ƙofar shan iska a samansa, idan ta nutse ruwa ya shiga mai. Ruwan gishiri kuwa yana cin birki da wayoyi a hankali. Wata uku bayan nan ake biyan kuɗin a wurin bakanike, ba tare da an san daga ina ciwon ya faro ba.

A bakin namu ruwan

A Yawuri ko Tiga ko Baga, kwale-kwalen katako a ruwa yake kwana, ba mai ɗora shi a mota. Inda lamarin ya shafe mu shi ne jiragen ceto da na sintiri na hukumomi, waɗanda ake jawowa a bayan Hilux duk lokacin da jirgin fito ya kife ko ambaliya ta ci gari, kamar yadda aka buƙaci jirage a titunan Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumban 2024. A irin wannan wuri ba lallai a samu gangaren siminti ba. Gaɓa ce ta laka ko rairayi, kuma a nan lissafin ya fi muni, domin tayoyin tirela nutsewa suke yi, tirjiyarsu ta ninka sau da yawa, ƙasar da motar ke takawa kuma tana ruftawa a ƙarƙashinta.

Dabarar da ta fi aiki a nan ita ce kada motar ta sauka gaɓar kwata-kwata. A bar ta can sama a kan ƙasa mai tauri, a cire tirelar, a haɗa su da doguwar igiyar jan mota ko sarƙa mai ƙarfin da ya fi lodin, a sa wa hancin tirelar taya ko faffaɗan katako ya zame a kai, a shimfiɗa katakai a inda tayoyin za su bi. Igiyar a maƙala ta a zoben jan mota da ke jikin shasi, kada a rataya ta a ƙwallon ƙugiya, don idan ya karye fita yake kamar harsashi. Jama'ar da suka taru kallo a kore su daga gefen igiyar da kuma bayan tirelar, direba ya sa ogzilari, mutum ɗaya tak ya tsaya inda direban ke ganinsa yana ba shi hannu.